Kafin Ka Ɗora wa Tsohuwar Hilux Bambar Ƙarfe da Winci

A wata damina na ga Hilux ta kafe a fadama, kan hanyar cin kasuwar ƙauye, tana ɗauke da buhunan taki. Mai motar bai nuna damuwa ba, don bai daɗe da saka mata bambar ƙarfe mai ƙahoni da sabon winci ba. Winci shi ne injin nan mai naɗe igiya da ake ɗaurawa a goshin mota domin ta jawo kanta idan ta maƙale. Ya warware igiya, ya ɗaura a gindin wani gawo, ya danna maɓalli. Igiya ta miƙe, ta yi tauri, sai muka ji ƙara kamar an yaga kwano. Bambar ce ta taho ita kaɗai da wincin a jikinta, motar kuwa tana nan cikin laka ko gezau. Da muka leƙa, sai ga guntayen casis, wato ƙashin motar, manne a jikin waldar, sun yi ja da tsatsa, suna marmashewa a hannu kamar ƙanzo.

Irin wannan bamba a Ostareliya ta yi ƙarfi, inda direbobin karkara ke yawan karo da kangaru da shanu cikin dare. Kamfanin ARB, wanda ya yi suna wajen ƙera ta, ya faro ne a 1975 a garejin wani gida a Melbon. Shi kuwa wincin lantarki na ƙananan motoci, kamfanin Warn na Amurka ne ya fito da shi a 1959. Abin da waɗannan kamfanoni ke sayarwa da tsada shi ne lissafi: inda ƙarfin ja zai bi tun daga ƙugiya har zuwa ƙashin motar. Mai waldar Panteka ko na Ƙofar Ruwa zai iya kwaikwayon siffar har ka kasa bambancewa, kuma akwai gwanaye a cikinsu. Sai dai siffa ba ta jan mota.

Saboda haka aikin daga ƙarƙashin mota yake farawa. Ka shiga da tocila da guduma, ka ƙwanƙwasa goshin casis ɗin ta kowane gefe. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da kaifin murya, wanda tsatsa ta cinye ta ciki kuwa sai ka ji "bus", wani lokaci ma kan gudumar ya nutse. Motocin da aka shigo da su daga Turai ko Amurka sun fi wannan ciwo, domin can ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, shi kuma yana shiga cikin casis ya yi shekaru yana aikinsa. Idan ka tarar da ruɓa, sai a yanke a mayar da lafiyayyen ƙarfe kafin a yi zancen bamba.

Wurin ɗaurewa ma akwai magana. Da yawa sukan ce "a ɗana mata walda kawai, Oga, ba inda za ta je." Walda a kan casis tana gasa ƙarfen da ke kewaye, tsagewa kuma daga gefen waldar take farawa. Ɗauri da noti ya fi, a ramukan da kamfani ya riga ya huda, da kusoshi masu lambar ƙarfi 8.8 ko 10.9. Lambar tana rubuce a kan kusar, duk wadda kanta yake sumul ka mayar wa mai ita. Idan kusa za ta ratsa casis mai siffar akwati, a zura guntun bututu a ciki, in ba haka ba ɗaurin zai matse bangon biyu ya lotsa su, bayan wata guda ka ji bamba tana kaɗawa. Farantin da winci zai zauna a kai kada kaurinsa ya gaza milimita 6. In kuma dole sai an yi walda a jikin motar, a cire kan batir tukuna.

Girman winci yana da ƙa'ida mai sauƙi: nauyin mota da cikakken lodinta sau ɗaya da rabi. Mu ce motarka da kayanta ta kai kilo 2,700, kana bukatar mai jan kilo 4,050 ke nan, wato wanda aka rubuta wa fam 9,500 a kwali, kimanin kilo 4,300. Abin da mai shago ba ya faɗa shi ne, wannan lambar tana aiki ne idan igiyar ta kusa warwarewa duka, saura layin farko a kan gangar. Duk layin da ya ƙaru, gangar ta ƙara kauri, ƙarfin ja ya ragu. Wanda ya ɗaura a bishiyar da ke kusa da hancin mota ya yi wa kansa ƙwange. A warware da nisa, amma a bar aƙalla zagaye 5 a kan gangar, don su ne ke riƙe igiyar.

Sai wuta, inda tsofaffin motoci suka fi shan kashi. Winci irin wannan idan ya ɗauki cikakken nauyi yana iya zuƙar amfiya 400, alhali altanetar tsohuwar Hilux yawanci ba ta wuce 70 ba. Ragowar duk daga batir take fitowa. Batirin da sai an yi masa addu'a yake tayar da mota da safe ba zai kai minti biyu ba. A sa sabo mai ƙarfi, a ja wayoyin wincin nan biyu masu kauri kai tsaye zuwa kawunansa, har da baƙar, kada mai wayarin ya ɗaure ta a bodi don ragin wahala. Inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba, a kuma saka makunnin da ke yanke wutar gaba ɗaya. Waya mai wannan kauri idan ta goge ta taɓa bodi, gobara ce. Lokacin ja a bar injin mota a kunne, a ja kaɗan a huta. Idan ka ɗora tafin hannu a kan injin wincin ka kasa jurewa, ka dakata ya huce.

Bamba da winci tare sukan kai kilo 80 zuwa 100, kamar ka ɗaure buhun masara a gaban lagireto ka bar shi har abada. Sifirin da ya shekara ashirin zai durƙusa, fitilu su koma kallon ƙasa, taya ta fara cin gefe. Auna tsayin gaban motar kafin aiki da bayansa, in ya sauka sosai a canza sifirin da shokozoba. A kuma bar wa lagireto hanyar iska, don zafin Afrilu ba ya yafiya. Motar da ke da jakar iska ta kariya tana bukatar bambar da aka ƙera dominta, saboda mai tauri tana iya rikita lokacin fashewar jakar. Ga kuma haƙƙin mai tafiya a ƙasa: bambar da ke kare lagireto daga saniya ita ce ke karya ɗan acaɓa. Dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta yi dokar taƙaita irinta a 2005 ke nan. Wanda motarsa ba ta fita daga kwalta, ban ga abin da zai yi da ita ba ban da ado.

Igiya iri biyu ce. Ta ƙarfe tana jure yashi da rana, amma idan ta tsinke takan dawo kamar bulala, ta yanke abin da ta samu. Ta zaren roba ba ta da nauyi, haɗarinta kuma da sauƙi, sai dai rana da rairayi suna cin ta, tana son wanki da rufi. Kowacce ka zaɓa, ka sa safar hannu ta fata, ka yafa bargo ko buhu mai nauyi a tsakiyar igiyar, ka kori 'yan kallo nesa, musamman yara. Kada a ɗaura ƙugiya a ƙwallon jan tirela, yana iya gutsurewa ya tashi kamar harsashi. A bishiya kuma a zagaya faffaɗan bel, don igiyar ƙarfe tana yanke ɓawo ta kashe itacen.

Inda babu bishiya, kamar rairayin da ke bayan Agadas, safayar taya ake sakawa. A haƙa rami mai zurfi can gaba, a ɗaura igiya a tsakiyar tayar, a binne ta, a haƙa siririn lambatu inda igiyar za ta bi domin ja ya tafi a kwance maimakon ya tumɓuke ta sama. Aikin awa guda ne da shebur, shi ya sa direbobin hanyar sukan fara rage iskar tayoyi su gwada fita kafin su taɓa winci.