KANWA: DUTSEN DA KE CIKIN TUKUNYAR MIYA

Ga uwargida, kanwa abin jefawa ce cikin miyar kuɓewa don ta yi yauƙi, ko cikin wake don ya nuna da wuri. Amma mai sha'awar ilmin duwatsu da ƙasa idan ya ɗauki ɗan gutsuren nan, ma'adini yake gani, watau sauran abin da wani tsohon tafki ya bari.

Masana sun tabbatar cewa kimanin shekara 7,000 da suka wuce, Tafkin Chadi ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita wajen 350,000. Da damina ta ja baya, sai ruwan ya janye. Har yanzu a ƙasar Manga ta Jamhuriyar Nijar da Kanem ta Chadi, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa cikin kwaruruka tsakanin tuddan yashi, rana ta shanye shi, gishirin da ke cikinsa ya daskare. Shi ne ake fasawa a kawo kasuwa. Ungurnu, wadda fatake suka daɗe suna yi wa tsada, daga gabashin tafkin ake ɗauko ta, a da kuma akan ƙetaro da ita cikin jiragen ruwa zuwa Borno.

Turawa sun laƙaba mata suna fotash, alhali kuwa yawancin abin da ke cikinta sinadarin sodiyam ne, irin na gishirin ci. Kaifinta ne yake tausasa ƙwayar wake, ya rage ɓarnar itace, abin da ba ƙarami ba ne ga gidan mai ƙaramin albashi.

To, sai dai sodiyam yana sa jiki ya riƙe ruwa. A shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun lura da yawan mata masu zuwa da ciwon zuciya da kumburi bayan haihuwa. Bincikensu ya danganta lamarin da yawan shan kunun kanwa lokacin jego, haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya an gano cewa dalilan cutar sun fi haka yawa, har da gado da hawan jini. Duk da haka, mai jego da ƙafafunta suka kumbura, ko numfashinta ke sarƙewa, wajibi ne a dakatar mata da kanwa, a hanzarta kai ta asibiti.