Kuɗin Saye da Kuɗin Riƙo: Mas'alar Tsofaffin Motocin Tsere

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya shelanta wa jama'a a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, har litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, daga bisani ta tsallake 1,000 a garuruwa da dama, wata muhawara ta kunno kai a majalisun samari da zaurukan dillalan mota, wadda har yanzu ba ta lafa ba. Masu manyan motoci masu zuƙar mai suna neman rabuwa da su, dillalai kuwa suna zuga matasa da cewa garaɓasa ta faɗi, ga motar tsere ƙirar Jamus a kan kuɗin da bai fi na Corolla mai 'yan shekaru ba, wanda duk ya bari ta wuce shi ba zai sake ganin irinta ba. Hujjar masu saye guda biyu ce. Ta farko, wai ƙarfen Bajamushe ba ya mutuwa. Ta biyu, wadda ta fi damuna domin ita ce ke halaka dukiyar mutane a ɓoye, wai wanda ya iya sayen mota lalle zai iya riƙe ta.

Wannan zato ɓatacce ne tun daga tushensa, domin kuɗin saye da kuɗin riƙo ba tafiya ɗaya suke yi ba. Motar da aka sayar sabuwa a kan dala 80,000 tana iya faɗuwa a kasuwa har ta koma rubu'in wannan ko ƙasa da haka bayan shekaru goma sha biyar, amma birkinta da tayarta da baƙin manta da kowane ƙaramin ƙarfe da ke cikinta suna nan a kan farashin da aka yanka wa attajirin farko, har ma sukan ƙara tsada saboda ƙarancinsu. Misalinta kamar ingarman doki ne daga bargar sarki, wanda aka sallama wa talaka da araha bayan an gama hawan salla. Dokin bai san an rage masa daraja a kasuwa ba. Gobe da asuba zai nemi dawarsa da harawarsa da kanwarsa, zai nemi mai wanke shi da mai duba kofatonsa, kamar yadda ya saba a gidan sarauta, alhali jakin da ke ɗaure a gefensa zai ci abin da ya samu a juji ya kuma ɗauki kaya har magariba. Ba don lafiyar dokin ta ƙaru aka sauke kuɗinsa ba, sai don masu hankali a kasuwa sun riga sun lissafa abin da zai ci, suka ja da baya.

Bari mu ɗauki mota guda wadda tarihinta sananne ne, domin magana ta tsaya a kan dalili. Kamfanin BMW ya ƙera wata M5 tsakanin 2005 da 2010 mai injin silinda goma, lita 5, mai ƙarfin doki 507, wanda aka tsara shi ya riƙa juyawa har sau 8,250 a minti guda, wato kusan sau 137 kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Duk wanda ya fahimci wannan adadi ya fahimci rabin mas'alar. A ƙasan kowane fistin akwai sanda mai haɗa shi da karanshaf, a mahaɗarsu kuwa akwai wasu 'yan ɓawon ƙarfe masu laushi waɗanda makanikai ke kira metal, kuma ƙa'idar aikinsu ita ce kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe har abada: wani siririn baƙin mai, wanda bai kai kaurin gashin kai ba, shi ke shiga tsakaninsu yana ɗauke da dukan bugun da wuta ke yi wa fistin. A injin da aka yi domin natsuwa, irin na motocin haya, an bar sarari da rangwame, ta yadda ko an yi sakaci da juyen mai na wata biyu ba abin da zai faru nan take. A wannan injin kuwa an matse tazarar ƙwarai, aka kuma shar'anta masa wani mai mai kauri na musamman, 10W-60, wanda ba ya gudana sosai sai ya ɗumama. Saboda haka duk lokacin da wani ya tayar da motar da sanyin safiya ya taka totur don maƙwabta su ji rugugi, ya kankare wani abu daga jikin metal ɗin wanda ba zai dawo ba. Lalacewar ba ta da alama, ba ta kunna wata fitila a gaban direba, har ranar da injin zai buga gaba ɗaya. Shi ya sa masu irin wannan mota a Turai da Amurka suka ɗauki al'adar buɗe ƙasan injin su sauya metal tun yana lafiya, galibi idan tafiya ta doshi kilomita 100,000. Mai sayenta na uku ko na huɗu a nan ba shi da hanyar sanin ko an taɓa yin wannan aiki, in ba takarda ya gani ba.

Kada a ce aibin kamfani ɗaya ne. Motocin Porsche 911 da Boxster na ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar 2000 suna da wani ƙaramin boris a can cikin injin, wanda in ya watse sai sarƙar da ke daidaita buɗewar bawul ta kauce, fistin ya yi karo da bawul, injin ya tashi aiki. Lamarin ya kai ga masu motocin a Amurka suka haɗu suka kai ƙara, aka yi sulhu a 2013 a kan ƙirar 2001 zuwa 2005. Injin Mercedes AMG mai lita 6.2 na farko-farko shi ma an san shi da karyewar ƙusoshin da ke ɗaure kan injin. Waɗannan duka motoci ne na ƙwarai, hikimar da aka zuba a cikinsu abin jinjinawa ce, sai dai an ƙera su ne a kan iyakar abin da ƙarfe zai iya jurewa, bisa sharaɗin cewa mai su zai cika kowace ƙa'ida a kan lokacinta.

Sharaɗin da ya fi wuyar cikawa a ƙasarmu shi ne na fetur. Irin wannan injin yana matse iska da mai har ninki goma sha biyu kafin fulogi ya ba da wuta, kuma man da ba shi da juriya yakan kama da kansa saboda tsananin matsi da zafi tun kafin wutar fulogi ta iso gare shi, sai ya fashe a lokacin da bai dace ba ya doki kan fistin. Ma'aunin wannan juriya shi ake kira oktan. Masu ƙera waɗannan motoci suna neman 98, suna yarda da 95 a bisa larura, alhali fetur ɗin da ake sayarwa a gidajen manmu galibi iri ɗaya ne, ma'auninsa wajen 91, ba a kuma rubuta shi a jikin famfo yadda ake yi a Turai don mai saye ya zaɓa. Kwamfutar motar tana jin bugun, takan jinkirta wuta don ta kare injin, amma sakamakon haka ƙarfin da aka sayi motar dominsa ya ragu, zafi ya ƙaru, shan mai ya hau; a haɗa wannan da zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda ma'auni ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu mai toshe lagireto da matatar iska, da cunkoson da ke tsayar da mota ba iskar da za ta sanyaya ta. Wanda ya ƙara da sayen mai a galan wurin 'yan bumburutu kuwa, ya miƙa injinsa ga abin da bai san asalinsa ba.

Ba a manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, motoci suka yi ta mutuwa a Legas da Abuja, layukan mai suka dawo. Shugaban kamfanin NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya bayyana cewa gwajin da aka saba yi wa mai a tashar lodi da ta sauke kaya bai ƙunshi auna metanol ba. A ganina wannan bayani ya fi gurɓataccen man kansa tayar da hankali, domin amanar da ke wuyan mai sa ido ita ce ya nemi abin da ba a zata ba, kuma talakan da injinsa ya buga a wannan mako ba shi da ɗakin gwaji a gidansa.

Lissafin yau da kullum ba ya buƙatar dogon sharhi. M5 ɗin da muka ambata tana shan fiye da lita 20 a kowane kilomita 100 a cikin gari, kusan ninki biyu ko fiye na ƙaramar motar iyali, juyen baƙin manta kuwa ya haura lita 9, fulogi goma ne, kwayil goma. Tayoyinta faffaɗa ne masu gajeren gefe da taushin roba, an yi su don su kama kwalta a gudun kilomita 250 a awa, ba su daɗewa, kuma rami guda a hanyar Kano zuwa Zariya ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa rim a lokaci ɗaya. Ga shi kuwa dokar hanya ba ta yarda ƙaramar mota ta wuce 100 a babbar hanya ba, ta yadda abin da aka biya kuɗi dominsa ba shi da halattaccen wurin amfani. Abin da ya fi nauyi shi ne kayan gyara. Mai Corolla zai shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ya fito da abin da yake nema kafin azahar. Mai motar tsere sau da yawa sai an aika Ladipo a Legas, in ba a samu ba a yi oda daga Dubai ko Jamus ko Amurka da dala, dalar da take wajen Naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta kuma haura 1,500 a farkon 2024. Motar tana zaune a gareji makonni ana jira, rana tana cin fentinta, batir yana mutuwa. Makanikanmu kuwa, waɗanda basirarsu ba abin rainawa ba ce, da yawansu ba su da kwamfutar da ke karanta giyar irin wannan mota mai aiki da famfon mai da na'urori, sai a koma ga kintace, a sauya wannan a sauya wancan, kowane kintace da kuɗinsa.

Saura tambayar da dillali ba ya so a yi: daga ina motar ta fito? Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa mana daga Amurka ana sayo su ne a gwanjon kamfanoni irin su Copart, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya shanye, bayan sun lissafa cewa gyaransu bai cancanci kuɗinsa ba. Guguwar Harvey kaɗai ta nutsar da ɗaruruwan dubban motoci a yankin Houston a 2017. Motar da ta kwana cikin ruwa ana iya wanke ta a goge ta har ta yi ƙyalli, amma tsatsa tana cin mahaɗan wayoyinta a hankali, sai bayan watanni na'urorinta su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda da ita ake iya binciko tarihinta a intanet da kuɗi kaɗan, a ga haɗarin da ta yi da ainihin tafiyar da ta yi kafin a mayar da mita baya. Hukumar Kwastan ta fara amfani da wannan lamba a 2022 wajen ƙiyasta kuɗin fito, har wakilan fiton kaya suka yi yajin aiki a Legas. Da ma a ce an yi amfani da ita wajen tilasta bayyana wa mai saye cewa motar nan ruwa ya taɓa cinye ta, da an tsare dukiyar bayin Allah da rayukansu, ba kuɗin shiga kaɗai ba.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda yaranmu ke karantawa a zaure, an haramta ɓoye aibin haja, an kuma ba mai saye zaɓin mayar da abin da ya tarar da tsohon aibi a cikinsa. Dillalin da ya san mota ta nutse ko an mayar da mitarta baya, ya yi shiru ya karɓi la'adarsa, ya ci haram ko da ya rantse bai faɗi ƙarya da bakinsa ba. Sai dai haƙƙin mayarwa yana da wuyar karɓa bayan kuɗi sun shiga hannu, don haka wanda zuciyarsa ta riga ta ɗarsu a kan irin wannan mota, kuma yana da halin da ba zai tauye iyalinsa ba, ya binciki lambar shasin kafin ya yi tayi, ya nemi takardun gyaran da aka yi mata, ya zo da makaniken da ba na dillali ba ya tayar da ita da sanyinta ya sa mata kwamfuta, ya duba alƙaluma huɗun da ke gefen taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, sannan ya ware wani kaso mai kauri na kuɗinsa ya ajiye gefe domin gyaran shekarar farko. In kuwa kuɗin sayen shi ne iyakar abin da ya mallaka, to, motar ba ta kai ga zama tasa ba tukuna, ko da dillali ya miƙa masa makulli.