Feret, 'Yar'uwar Bodari: Gargaɗi Ga Mai Sha'awar Kiwonta

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata 'yar dabba da ake ajiyewa cikin ɗaki kamar yadda mu muke ajiye kyanwa, wadda mutanen Ingila suke ce wa feret. To, da yake 'yan'uwanmu da yawa suna zaune can, wasu don neman ilmi, wasu don neman abinci, har 'ya'yansu kan gan ta gidan maƙwabta su dame su da a saya musu, na ga ya kyautu in bayyana abin da ke cikin kiwonta, tun kafin mutum ya ɗauki amanar da ba zai iya riƙewa ba.

Ita dai doguwa ce siririya, mai gajerun ƙafafu, nauyinta bai cika wuce kilo 2 ba, kuma dangi ɗaya suke da bodari da dage, wanda ya shiga ɗakin da take kwana hancinsa zai ba shi shaida. Fiye da shekara 2,000 ke nan da mutane suka horar da ita, ba don wasa ba, sai don ta kutsa rami ta koro musu zomo.

Asalin wahalar kuwa ciki ne. Allah cikin hikimarsa ya halicce ta maciyar nama zalla, ya gajarta mata hanji, har abin da ta ci yakan fita cikin sa'a 3 ko 4, saboda haka tilas ta riƙa ci kaɗan-kaɗan dare da rana, kuma abin da take ci ya zama nama da kitse, domin hatsi da ganye da 'ya'yan itace wucewa kawai suke yi ba tare da jikinta ya amfana ba. Abincin kare ba ya ƙosar da ita, madara kuma zawo take sa ta. Abin takaici shi ne tana da kwaɗayin zaƙi, mai gida kuwa, don tausayin da bai san muhallinsa ba, sai ya miƙa mata zabibi, ko ayaba, ko biskit, yana zaton alheri ya yi. Likitocin dabbobi da yawa suna zargin irin wannan ciyarwa tana da hannu a cikin wani ƙari da yakan fito mata bayan ta wuce shekara 3, a gaɓar da ke daidaita sukarin jini. In sukarin ya faɗi sai ka ga ta yi zuru, miyau na zuba, tana sosa baki da ƙafa, ƙafafun baya sun saki. A nan ne kaɗai zaƙi yake da amfani, a shafa mata 'yar zuma a dasashi, kada a ɗura, a garzaya asibitin dabbobi.

Tana kuma da wata ɗabi'a mai ban haushi: abin da ta saba da ƙanshinsa kafin ta kai wata 6, shi ne abinci a wurinta, in ka canja mata rana ɗaya sai ta zaɓi yunwa. Dabarar ita ce a gauraya sabon cikin tsohon, ana ƙarawa sannu a hankali har makonni. Amma kada a ɗauki kowane ƙin ci a kan taurin kai, gama tana da son tauna roba da soso, in ta haɗiye guntu ya toshe hanji, ba abin da zai cece ta sai fiɗa. Feret ɗin da ta yini ba ta ci ba, ko tana cizon haƙora, ko kashinta ya yi baƙi kamar kwalta, ba a kwana da ita a gida.

Cutar karnuka da ake kira distemfa kusan ba ta barin wadda ta kama, sai dai akwai allurar rigakafi, kamar yadda akwai ta haukan kare. Murar ɗan Adam ma tana kama ta, har da ita ne masana a Landan suka gano ƙwayar wannan cuta a 1933. Macen kuwa, in lokacin barbararta ya zo ba ta sami namiji ba, ba a kuma yi mata aiki ko allura ba, jininta yakan ƙafe har ta rasa ranta.

Malamai sun ce wanda ya tsare dabba, cinta da shanta da jinyarta sun hau kansa, za a kuma tambaye shi. Hukuma ma tana da magana, don a jihohin Kalifoniya da Hawai haramun ne ajiye ta a doka. Wanda kuma yake tunanin ɗauko ta ya kawo gida, ya sani jikinta ba ya fid da gumi yadda zai sanyaya ta, zafi in ya haura maki 30 tana cikin haɗari, alhali Kano da Sakkwato da Damagaram sukan wuce 40 a bazara. Malam, in yaro ya matsa, nema masa kyanwa.