Yadda Yawan Tunani Ke Ɓata Bugu a Wasan Golf

Wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ƙa'idarsa mai sauƙi ce: a jefa ƙaramar ƙwallo cikin ramuka 18 da mafi ƙarancin bugu, da sanduna da ba su wuce 14 ba. Ya shigo Arewa tun zamanin Turawa, kuma Zariya na da filinta a unguwar GRA, daura da Sabon Gari, inda ma'aikata da 'yan kasuwa da malamai daga Samaru ke haɗuwa. Abin da ya fi wahalar da masu koyo a can, kamar ko'ina, shi ne yawan tunani a lokacin bugu.

Dalilin yana cikin saurin abin. Saukowar sanda daga sama zuwa ƙwallo ba ta kai rabin daƙiƙa, haɗuwarsu kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ƙwaƙwalwa ba ta da zarafin bai wa kafaɗa da ƙugu da wuyan hannu umarni ɗaya bayan ɗaya a wannan ɗan taƙi. Aikin na sabo ne, kamar mai daka da ta ƙware: in ta tsaya lissafin yadda take ɗaga taɓarya, sai luguden ya rikice.

Masana sun gwada wannan. A 1992 Richard Masters a Ingila ya nuna cewa waɗanda suka koyi gangara ƙwallo zuwa rami ba tare da tarin ƙa'idoji a ka ba sun fi jure matsin lamba. Gabriele Wulf da abokan aikinta sun gano a 1999 cewa mai koyon da ya sa hankalinsa kan motsin sanda ya fi wanda ya sa shi kan hannuwansa saiti. Sian Beilock a Amurka ta nuna a 2002 cewa ƙwararru kan yi kuskure idan aka sa su bin bugunsu daki-daki, alhali sabon shiga yana amfana da hakan. Ke nan ƙa'ida tana da lokacinta: farkon koyo da wurin atisaye. Ita kuma Joan Vickers ta Kanada ta lura cewa gwanaye kan kafa ido wuri guda su daɗe kafin su buga, maimakon raba ido.

Yaran da ke ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna shaida ne cewa ana iya ƙwarewa ba tare da tarin ƙa'idoji ba. Da kallo da kwaikwayo suke koyo, galibi da tsohuwar sanda guda, kuma daga cikinsu ne ƙwararrun 'yan golf na Nijeriya da yawa suka fito.

Hanyar sauƙaƙawa ita ce a raba tunani da aiki. Ɗan wasa zai tsaya bayan ƙwallo ya auna nisa da iska, ya zaɓi sanda da inda zai nufa. Da zarar ya matso, shawara ta ƙare. Abin da ya rage shi ne numfashi, kallon wurin, sai bugu. Dokokin wasan na 2019 ma sun ba da shawarar kada bugu ya wuce daƙiƙa 40.

Yanayin Zariya na ƙara wa wannan hanya daraja. Da hunturu da bazara ƙasa kan bushe ta yi tauri, ƙwallo ta yi ta gangarawa, iska kuma ta karkatar da wadda aka cilla sama, don haka bugu na ƙasa-ƙasa ya fi tsaro. Da damina ciyawa kan yi kauri ta riƙe ƙwallo, sai a ƙara ƙarfi. Babu littafin da zai ba da ma'aunin wannan. Ido da hannu ne ke koyonsa da yawan fita fili.

Saura batun kuskure. Hatta zakarun duniya kan ɓata bugu a kowane zagaye, kuma abin da ya bambanta su shi ne ba sa kai fushin rami ɗaya zuwa na gaba. Mai son ci gaba ya ware ranakun gyaran bugu a wurin atisaye, ranar wasa kuma ya amince da abin da jikinsa ya riga ya koya.