3.4 Ra'in Tarnaƙi da Gyaran Kayan Soja

A wannan sashe za a duba yadda aka yi amfani da ra'in tarnaƙi wajen gyaran kayan soja. Wannan ra'i, wanda Eliyahu Goldratt ya bayyana a littafinsa The Goal a shekarar 1984, yana nuna cewa kowace ma'aikata tana da mataki guda da ya fi sauran jinkiri, kuma shi ne yake yanke yawan aikin da za a iya gamawa. Shi kuwa tsarin rage ɓarna, wanda Taiichi Ohno ya raya a kamfanin Toyota na Japan, ya fi mayar da hankali ne ga kawar da jira da tara kayan da ba a bukata.

Misali mafi fito da wannan fili shi ne na cibiyar gyaran jiragen sojan sama ta Warner Robins da ke jihar Jojiya a Amurka, inda ake gyaran babban jirgin dakon kaya samfurin C-5. A shekarar 2005 cibiyar ta rage yawan jiragen da ake kwancewa a lokaci guda daga 12 zuwa 7, wato jirage 5 suka koma bakin aiki. Dalili kuwa shi ne, idan jirage suka yi yawa a rumfa sai a riƙa janye makanikai daga wannan zuwa wancan, kowanne an taɓa shi amma babu wanda aka gama. Wannan aiki ya sa cibiyar ta sami lambar yabo ta Franz Edelman a 2006.

A ganin mai wannan bincike, ba sai an je barikin soja ba kafin a fahimci matsalar. Manomin Kafur da ya kai taraktarsa gareji a Funtua ko Malumfashi dab da faɗuwar damina ya san ta. Bakanike yakan karɓi duk wadda aka kawo, ya kwance ta nan take don kada mai ita ya kai wani wuri, alhali mai gyaran famfon dizal mutum ɗaya ne, kuma ba a sayo kayan gyara ba tukuna. Da a ce biyu kawai ake buɗewa, waɗanda kayansu suka kammala, da wasu manoman sun yi huɗa sun shuka masara a kan kari, maimakon duka su jira tare.