Gishiri, Kanwa Da Ƙodar Da Ta Gaji

Manomin da ya sauka a Shahuci da amfanin gonarsa, da wuya ya koma ƙauye bai leƙa Kasuwar Rimi ko ta Kurmi ya sayi gishiri da kanwa ba, na miya da na dabbobi. Tun zamanin da ayarin Buzaye ke kawo kantu daga Bilma ake wannan ciniki. To, amma abin nan da ke gyara miya shi ke kwantar da mai ciwon ƙoda.

Ga yadda abin yake. Cikin kowace ƙoda akwai 'yan matatai ƙanana wajen miliyan 1. Kullum suna tace ruwa daga jini kamar lita 180, watau cikin garwa 10. Kusan duka sai su mayar da shi jiki, abin da ke fita fitsari bai fi lita 1 da rabi ba. Cikin gishiri kuwa akwai wani sinadari, sodiyam, wanda duk inda ya tafi ruwa na biye da shi. Kanwa ma cike take da shi, haka dunƙulen Maggi. Lafiyayyar ƙoda, in an ci gishiri da yawa ta zubar, in an yi gumi ta riƙe.

Sa'ad da ciwon sukari ko hawan jini ya kashe waɗansu matatan, sauran sai su ɗauki aikin, kamar gandun da ƙarti suka tafi cin rani, aka bar mutum biyu da noman goma. Kowace matata ta ƙara yawan sodiyam da take zubarwa. Don haka mutum ya kan yi shekaru bai san kome ba, alhali fiye da rabin ƙarfin ƙodarsa ya tafi. Aikin yau da kullum suna iyawa, amma na gaggawa ya fi ƙarfinsu.

In ya cika cin gishiri, sodiyam ya taru, ruwa ya bi shi. Ƙafafu su kumbura, fuska ta yi suntum da safe, jini ya hau, wani har numfashi ya gagare shi in ya kwanta. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura ciwon zuciya ya yi yawa ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi. In haka ta kan faru ga mai ƙoda lafiyayya, ina ga wanda tasa ta raunana?

Ɗaya gefen shi ya fi shafar manomi, mutane kuwa ba su cika saninsa ba. Ƙoda mai lafiya ta kan iya fitar da dattin yini guda cikin rabin lita na fitsari. Wadda ta gaji ba ta iya kaurara fitsari, sai da wajen lita 2. Shi ya sa mai ita ke tashi bawali sau da yawa da dare. Ran da ya yini yana huɗa cikin rana, ko zawo ya kama shi, jiki na neman a riƙe ruwa da gishiri, ita kuwa tana ta zubarwa. Jini ya ragu, sauran matatan su ƙara lalacewa. In ya haɗa da ƙwayar ciwon jiki irin su Ibuprofen, to, ya yi wa kansa sakiyar da ba ruwa. Kwankwaɗar ruwa fiye da kima kuma ba magani ba ne, gama in ciwon ya yi nisa ruwan ba ya fita da sauri, sai ya tsinka jini, mutum ya ruɗe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, kusan cikin ƙaramin cokalin shayi, har da na cikin dunƙule da kilishi. Mai kumburi lalle ya bar kanwa. Yawan ruwan da zai sha kuwa likita ne ke yanka masa, don na wani ba na wani ba ne. Awon jini da na fitsari ke nuna ciwon tun bai fito fili ba, Asibitin Murtala kuwa ga shi nan kusa da Shahuci. A Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ana wankin ƙoda, can ne kuma aka fara dashenta a Kano cikin 2002, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin rumbun yawancin manoma.