Hutun da ba albashi: me yake ci, me yake bari?

Wata la'asar a majalisarmu ta Kusfa, cikin birnin Zariya, wani ƙanina ma'aikacin gwamnatin tarayya ya ce yana son hutun wata shida ba albashi, don ya yi jinyar gyatumarsa. Bai rufe baki ba aka yi masa caa. "Kai yaro, fanshonka ya tafi ke nan," in ji wani dattijo. Wani ya karɓe: "A'a Baba, gaba ma ta kai shi, ai kashi 25 na kuɗinsa za su ba shi." Su duka biyun sun yi kuskure.

A tsarin dokar fansho ta 2014, asusun ma'aikaci nasa ne da sunansa, yana hannun kamfanin kula da fansho, hukumar PenCom tana sa ido. Duk wata ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ɗora aƙalla kashi 10. In albashi ya tsaya, abin da ake cirewa daga cikinsa ma ya tsaya. Amma abin da ya riga ya taru ba mai taɓa shi, kamfanin na ci gaba da juya shi. A ce ana lissafa wa mutum fansho a kan naira 100,000 a wata: naira 18,000 ne ba za su shiga ba kowane wata, wata shida 108,000 ke nan, ban da ribar da za su haifa kafin ritaya. Asara ce, amma ba irin wadda Baba yake nufi ba.

Kashi 25 ɗin kuwa akwai shi a doka, sai dai na wanda ya rabu da aiki ne kafin shekara 50, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba. Mai hutu bai rabu da aiki ba, sunansa na nan a rajista.

Jita-jitar da ta fi ba ni tsoro ita ce wadda ba a yi gardama a kanta ba, wai hutun haƙƙi ne, da ka miƙa takarda sai ka kama gabanka. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci aƙalla kwana 6 na hutun shekara bayan ya cika wata 12, da kwana 12 na rashin lafiya da shaidar likita, duka da albashi. Ba ta tilasta wa kowa ya ba da hutun raɗin kai ba. Roƙo ne, ana iya cewa a'a. A ƙa'idojin aikin gwamnati kuwa, ƙin zuwa aiki ba izini babban laifi ne da kan kai ga kora. "Oga ya ce ba komai" ba ya shiga fayil, kuma ogan ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe.

Inda masu tsoratarwa suka yi gaskiya shi ne bashi. Wanda ya ci rancen banki ko na ƙungiyar ma'aikata da ake cira daga albashi, ya je ya daidaita da su tun da wuri, don wa'adin biya ba ya jiran kowa.

Ƙanin nawa ya rubuta takardarsa, ya sa an buga wa kwafinsa hatimin karɓa. Har yanzu kullum da safe yana fita aiki, yayarsa ke zama da tsohuwa, yana jiran amsa a rubuce.